Ayarin Teku: Sojan Arewa da Jiragen Ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu



Bahaushe ya daɗe da sanin ayari. Fatake ba sa shiga daji ɗaiɗai, sai su haɗu a ƙarƙashin madugu, domin gudun 'yan fashi. Wannan dabara ce Ingila ta bi a kan teku tsakanin 1939 da 1945. Jiragen dakon soja da kaya kan tashi a jere, jiragen yaƙi suna yi musu rakiya, saboda jiragen Jamus masu nutso da ke kwanton ɓauna a Tekun Atlantika.

Tafiyar soja daga Kano takan fara ne a jirgin ƙasa, wajen mil 700 zuwa Ikko. Akasarinsu 'ya'yan manoma ne, ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango gaɓarsa ba. A 1940 aka kwashi birged ɗin Nijeriya, aka kewaye Afirka ta Kudu da su har Mombasa. Daga can suka yaƙi Italiyawa, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, kana suka nausa Habasha.

Babbar tafiya ita ce ta Bama. A 1943 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta sauka Bombai a Indiya, ta 82 kuwa ta biyo baya a 1944. Makonni ake yi a ruwa, ga cunkoso, ga jiri da amai, ga hana kunna fitila da dare don kada magabta su hango. Tare da su ake loda motoci da igwa da albarusai da abinci, domin soja ba guzuri tamkar rijiya ce ba guga.

Abin lura, inda jirgi ya ƙare nan kai ya ɗauka. A dazukan Kaladan babu hanyar mota, don haka dubban 'yan dako cikin kakin soja suka riƙa ɗaukar kaya a ka, jiragen sama na jefo musu abinci. Haka kuma jiragen ruwa ba su bar Ikko da mutane kaɗai ba: gyaɗar Kano da kuzar Jos duk sun tafi, musamman bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942.

An dawo da mafi yawansu a 1946, wasu kuwa kaburburansu na can. Sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna da Arakan a Apapa daga filayen dagar Bama aka samo su. Sai dai kaɗan ne daga labaran mutanen aka rubuta da Hausa. Aikin ɗaliban Hausa ke nan, su tattara abin da ya rage a bakin 'ya'ya da jikoki kafin ya salwanta.

Allah ya jiƙan magabata.