Wanda Ya Kunna Wutar, Shi Zai Biya

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Fitowa, sura 22, aya 6. A wurin, Shari'ar Musa ta ɗora biyan diyya a kan mutumin da ya kunna wuta, idan wutar ta bazu ta cinye hatsin maƙwabcinsa.

Bari mu ga yadda wannan magana ta shafi zamaninmu. A shekara ta 2015, wuta ta ci daji a ƙasar Indonesiya, a tsibiran Sumatra da Borneo. Manyan kamfanoni da ƙananan manoma sukan share daji da wuta, domin ita ce hanya mafi araha ta samun filin dasa kwakwar manja. Wasu daga cikin wuraren fadama ce mai cike da ruɓaɓɓen ganye da itace. An janye ruwanta, ga kuma fari a shekarar, sai wuta ta shiga ƙarƙashin ƙasa tana ci makonni. Bankin Duniya ya ce hekta miliyan 2.6 ta ƙone.

Hayaƙin bai tsaya a kan iyaka ba. Ya rufe Malesiya da Singafo kamar hazo. Aka rufe makarantu, jiragen sama suka kasa tashi, yara da tsofaffi suka cika asibiti da ciwon ƙirji. Su wane ne suka sha wahalar? Waɗanda ba su kunna ko ashana ba.

Ba a rasa doka ba. Ƙasashen yankin sun sa hannu a yarjejeniyar hana wannan hayaƙi tun 2002, amma sai a 2014 Indonesiya ta amince da ita. A 2019 hayaƙin ya sāke dawowa. Doka a takarda ba ta kashe wuta, sai masu mulki sun sa mai laifi ya biya, ko da shi mai kuɗi ne.

'Yan'uwa, mu ma da rani mukan sa wa daji wuta don neman gafiya. Iska ta kwashe ta, ta cinye dawar da wani bai kai rumbu ba. Allah yana ganin asarar maƙwabcinka. Kafin ka ƙyasta ashana, ka tuna da gonarsa da numfashin 'ya'yansa. In kuwa wutarka ta riga ta yi ɓarna, ka je ka biya.

Allah ya taimake mu. Amin.