Ranar da aka fara rufe titi saboda tseren mota

Yau Turai za mu leƙa, shekarar 1902.

A wancan lokacin, tseren mota daga gari zuwa gari ake yi. A tashi daga Faris a nufi wani birni, a kan hanyar da manoma da yara da dabbobi suke bi. Babu kwalta, ƙura ta turnuƙe, direba ba ya ganin gabansa.

Sai wani ɗan Beljiyam, Baron Pierre de Crawhez, ya kawo dabara: a zaɓi wasu hanyoyi, a rufe su, motoci su yi ta zagaye. Haka aka samu tseren Circuit des Ardennes. Daga garin Bastogne ake tashi a dawo Bastogne, zagaye ɗaya kusan kilomita 86, a yi sau shida. Wani ɗan Ingila, Charles Jarrott, shi ya lashe na farkon da motar Panhard.

To amma ba kowa ya ɗauki darasin ba. A watan Mayun 1903 aka shirya tsere daga Faris zuwa Madrid a buɗaɗɗen titi. Kafin a kai Bordeaux an yi munanan hatsura, direbobi da 'yan kallo sun mutu. Cikinsu har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan uwan da suka kafa kamfanin Renault. Nan take gwamnatin Faransa ta dakatar da tseren. Ko tayar da motocin ba a bari an yi ba, dawakai ne suka ja su zuwa tashar jirgin ƙasa.

Da Faransa ta shirya Grand Prix na farko a 1906 kusa da Le Mans, tsarin rufe hanya ta bi, har da shinge tsakanin jama'a da motoci. Kun san motar da ta ci? Renault.

Wallahi duk lokacin da na ga samarinmu na wasa da mota a titi ranar biki, yara na tsaye gefe suna tafi, 1903 nake tunawa. Son gudu ba laifi ba ne, amma titin da kowa ke bi ba filinsa ba ne. Su sai da aka yi jana'iza suka gane. Mu sai mun jira tamu?

Ku faɗi ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.