Robar Jera Haƙora: Abin da Mai Niyya Zai Tarar

(Jawabin da ɗalibai 'yan ƙasar Karaye da Rogo suka gabatar a wani zama da aka yi a Ruwan Bago lokacin dogon hutu.)



Da muka shaida wa shugaba cewa a kan haƙora za mu yi magana yau, sai ya yi dariya, ya ce duk matsalolin da ke damun ƙasar Rogo, tun daga taki har zuwa hanya, ba mu ga abin ɗauka ba sai haƙori? Yana da gaskiyarsa. Amma dalilinmu shi ne, tun da muka dawo hutu ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, an tare mu da waya a hannu ana nuna mana talla, ana tambayarmu ko gaskiya ne akwai wata roba da ke miƙar da karkatattun haƙora ba tare da an ɗaura wa mutum ƙarfe a baki ba. Har wata ƙanwarmu ta ce adashenta na bana a kan haka za ta kashe shi. Tun da magana ta kai ga kuɗin adashe, lalle ne a zauna a tattauna. Mu dai ɗalibai ne, ba likitoci ba. Abin da muka karanta, da abin da muka gani ga wata abokiyar karatunmu da ta yi wannan magani, shi muka kawo muku.

Abin da ake talla wata siririyar roba ce, garai-garai kamar ruwan rijiya, wadda aka ƙera daidai da siffar haƙoran mutum, a kifa ta a kansu kamar yadda ake mayar da wuƙa cikin kube. Turawa na ce mata alaina, mu kuwa a nan za mu riƙa kiranta robar jera haƙora, ko roba kawai. Gaskiya ne tana aiki. Kuma dabarar ba ta jiya ba ce. Tun a shekarar 1945 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Harold Kesling ya nuna cewa ana iya gusar da haƙora da abin da aka yi da roba, har ya yi hasashen a jera irinsu da yawa, kowane ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. Abin da ya hana shi ne wahalar ƙera su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sai a 1997 wasu ɗalibai na Jami'ar Stanford, Zia Chishti da Kelsey Wirth, suka kafa kamfanin Align Technology, suka ɗora wa kwamfuta wannan aiki, a 1999 robarsu mai suna Invisalign ta shiga kasuwa. Ɗalibai ne kamar mu, abin lura ga masu cewa ɗalibi ba ya tsinana komai sai zanga-zanga. Yau kamfanoni da dama ke yin irinta.

To, ƙaƙa roba za ta motsa haƙori? A nan ne muke roƙon a ba mu aron kunne, domin wanda ya gane wannan ba mai talla da zai ruɗe shi. Haƙori ba kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu siraran zarurruka masu rai da suka ɗaure shi. Idan aka matsa haƙori a hankali, aka dawwama ana matsawa dare da rana, ƙashin da ke gefen da ake turawa sai ya riƙa zaizayewa, na bayansa kuwa ya riƙa tohowa yana cike gurbi. Wanda ya san Kogin Challawa ya san yadda ruwa ke cin gaɓa ɗaya yana tara rairayi a ɗaya gaɓar, har kogi ya sake makwanci ba wanda ya ga ranar da ya tashi. Haka haƙori ke tafiya cikin ƙashi. Watau ba roba ce ke aikin ba, jiki ne; ita nuni kawai take yi masa. Jiki kuwa ba ya karɓar gaggawa. Kowace roba ba ta gusar da haƙori fiye da kimanin rubu'in milimita, sa'an nan a cire ta bayan mako 1 ko 2 a sa ta gaba. Ku lissafa da kanku: roba 4 ke kai haƙori milimita 1. Shi ya sa ƙaramin gyara kan ci wata 6, matsakaici shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi, mai wuya har ya kai shekara 2 ko ya wuce. Duk wanda ya yi muku alkawarin mako 3, ku riƙe aljihunku.

Ranar farko da mutum ya je gaban likita ba roba zai dawo da ita ba. Za a duba bakinsa, a ɗauki hoton ƙashi don a ga saiwoyi, a ɗauki siffar haƙoran da wata 'yar na'ura ko da wani ƙulli da ake dannawa a kansu ya daskare. Idan an tarar da kogo a haƙori, ko dasashi na zubar da jini, ko dattin goro da na abinci ya daskare a gindin haƙora, sai an warkar da wannan tukuna. Mu a ganinmu yawancin mutanenmu a nan za su tsaya, kuma in sun tsaya a nan ɗin ba su yi asara ba, domin tura haƙorin da ƙashinsa ya riga ya lalace ba ya haifar da komai sai girgiɗi da giɓi. Akwai kuma abubuwa biyu da talla ba ta faɗa. Na ɗaya, sau da yawa akan manna wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori a jikin haƙoran don roba ta sami abin kamawa, saboda haka wanda ya matso kusa zai gane. Na biyu, in haƙora sun cunkushe, likita kan goge ɗan kaɗan daga gefen wasunsu, abin da bai kai rabin milimita ba, don a sami wurin da za su shiga. Wani lokaci ma sai an cire haƙori.

Kuma ba kowane baki ne robar ke iya wa ba. Ta fi ƙwarewa a kan 'yar cunkusa da 'yar tazara. Juya fiƙar da ta murɗe, ko jawo haƙorin da ya maƙale a sama, ko rufe babban gurbi, waɗannan wayar ƙarfe da aka saba ɗaurawa ta fi ta iyawa. In kuwa muƙamuƙin ne da kansa ya zarce ko ya noƙe, roba ba ta da ta cewa. Likita na gari zai faɗa muku haka, ko da ba shi kuka so ji ba.

Yanzu bari mu zo ga zaman yau da kullum, wanda shi ne ainihin jarrabawar. Ana son roba ta zauna a baki sa'a 20 zuwa 22 a kowace rana. Sa'a 2 zuwa 4 ke nan suka rage wa mutum, ya karya kumallo, ya ci na rana, ya ci tuwon dare, ya wanke baki bayan kowanne. Ba a ci da ita, ba a sha da ita sai ruwan sanyi. Shayi mai zafi yana lanƙwasa ta, zoɓo yana rina ta, lemo da kunu mai sukari kuwa sukan shige ƙarƙashinta su kwanta a kan haƙori inda yawu ba ya kaiwa ya wanke, kogo ya biyo baya. Ku dubi rayuwarmu a nan. Ka fito ka tarar da abokai a gindin inuwa ana shan rake, an miƙo maka. Ka wuce kasuwa an ba ka gyaɗa. Ka gaida dattijo ya ɓantaro maka goro, ƙin karɓa kuwa rashin ladabi ne. Kowane ɗaya daga cikinsu yana nufin ka cire roba a gaban jama'a, ka ci, ka nemi ruwa da buroshi, ka mayar. Abokiyar karatunmu ta ce abin da ya fi ba ta wuya ba zafi ba ne, a'a, gidan biki ne. Can ma ta taɓa naɗe robarta cikin 'yar takarda ta ajiye a gefen faranti, masu kwashe kwanuka suka haɗa da ita, aka yini ana tonon shara. Tun ran nan ba ta rabuwa da ɗan akwatinta.

Zafi akwai shi, amma ba mai hana barci ba. Duk sabuwar roba takan matse kwana 2 ko 3 na farko, haƙora su yi tsami, sa'an nan abin ya lafa. Yawu kan ƙaru da farko, harshe kuma ya riƙa tuntuɓe a kan “s” da “sh” da “ts” na 'yan kwanaki. Wanda ke jan salla ko yake koyar da karatu ya san da wannan, ya zaɓi lokacin farawa. Watan azumi, abin mamaki, shi ne ya fi sauƙi, tun da yake babu ciye-ciyen rana, roba na zaune daga sahur har buɗa-baki. Asuwakinmu na gado yana da amfani ƙwarai, kada a yar da shi, sai dai a haɗa masa da buroshi da man goge baki da zaren sakace. Ita ma robar a wanke ta da ruwan sanyi, kada a bar ta a rana.

Sai maganar nisa, wadda ɗan birni ba ya lissafawa amma mu dole mu lissafa. Gyaran jerin haƙora fanni ne na musamman, ba kowane likitan haƙori ne ya ƙware a kansa ba, masu shi kuwa a manyan birane suke. Mutumin Ruwan Bago sai ya nufi Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da tsangayar koyon likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero suke, ya nemi a duba shi a gaya masa irin gyaran da ya dace da bakinsa. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Kusan kowane mako 6 zuwa 8 ana son likita ya ga ko haƙoran na bin tsarin da aka zana musu. Sau da yawa akan kai ƙarshe a tarar wani haƙori ya yi gardama, a sake awo, a sake jiran wasu robobin. Mutum ya haɗa kuɗin mota na shekara guda da rabi, da kwanakin da zai bar gona a tsakiyar damina, da kuɗin maganin kansa. A Amurka magani irin wannan kan ci dala dubu 3 zuwa dubu 7, har fiye. Kayan aikin galibi daga waje suke zuwa, kowa kuwa ya san abin da dala ta yi wa naira tun 2023. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan tsada da wannan nisa su ne ƙofar da 'yan kasuwa ke shigowa. Za su ce ba sai ka ga likita ba, aiko da awon bakinka a aiko maka da roba. An gwada wannan a inda ya fi nan doka da oda. A 2014 aka kafa kamfanin SmileDirectClub a Amurka a kan wannan tsari, ƙungiyoyin likitocin haƙori suka yi ta gargaɗi, shi kuwa ya yi ta bunƙasa. A watan Satumba na 2023 ya bayyana karyewar jari, a watan Disamba ya rufe, ya bar mutanen da ke tsakiyar magani ba mai duba su. Wannan fa kamfani ne da ya auna bakin kowa. Ina ga robar da ake sayarwa a intanet awo ɗaya ga kowa da kowa, kamar silifa? Mun ga irinta a hannun wani yaro a garin nan, mun roƙe shi ya jefa ta a masai. Abin da mutum ke biya wa kuɗi idon likita ne da ke bin sawun haƙoransa. Robar kanta ba ta fi ledar da aka gyara ba. Kafin ku miƙa kuɗi, ku tambaya: wa zai duba ni, yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, kuma in abu ya ɓaci ina zan same shi?

'Yan'uwa mata, akwai magana guda da muke so mu yi da ku musamman, ita ce ta wushirya. Yawancin tallan nan a ƙasashen da ake ɗaukar tazarar haƙoran gaba aibi ne aka shirya su. Mu kuwa tun kaka da kakanni wushirya ado ce, ana yabon mai ita, har wasu na marmarinta. Muddin ba ta hana tauna ko furuci, ba ciwo ba ce, kuma tana cikin abubuwan da suka fi saurin komawa bayan an rufe su. Ba mu ga hikimar sayar da tunkiya don a toshe abin da iyayenmu ke kira kyau ba. Dabam ne da yaron da haƙoransa suka fito zaƙo-zaƙo har leɓe ba ya rufuwa, ana yi masa ba'a a makaranta, faɗuwa kaɗan ta karya su. Ko wanda nasa suka hau juna har asuwaki ba ya shiga tsakaninsu. Waɗannan magani suke bukata, a kai su a duba tun da wuri. Malamanmu na zaune a nan, sun fi mu sanin hadisin da ya hana feƙe haƙora don neman ado, sun kuma san malamai da yawa sun bambanta wannan da gyaran lahani. Wanda ke shakka ya tambaye su kafin ya tambayi mai talla.

Ranar da aka cire roba ta ƙarshe, tsugune ba ta ƙare ba. Zarurrukan nan da muka ambata suna neman mayar da haƙori gidansa na dā, ƙashi kuma bai gama ƙwari ba. Saboda haka za a ba mutum wata roba mai tsaro, ya sa ta kullum na 'yan watanni, daga baya ya riƙa kwana da ita, ko a manna masa siririyar waya a bayan haƙoran. Likitoci da yawa yanzu cewa suke a ci gaba da kwana da ita muddin ana son haƙoran su zauna a jere. Abokiyar tamu ta gama nata tun bara, amma har yanzu in za mu yi tafiya ɗan akwatin nan ne farkon abin da take sa wa a jaka.

Shugaba ya ɗaga mana hannu, lokaci ya cika. Mun zo da tsohuwar roba guda da ta ba mu aro, za a zagaya da ita kowa ya gani, amma don Allah kada wani ya gwada ta a bakinsa.