Shusha, Garin da Ke Saman Dutse a Karabak

Duk mai son gane rikicin Armeniya da Azarbaijan ya dubi Shusha, garin da Armeniyawa ke kira Shushi. Panah Ali Khan ne ya kafa shi a tsakiyar ƙarni na 18, a kan tsauni, ya zama fadar masarautar Karabak, wadda ta shiga ƙarƙashin Rasha a 1805. Al'ummun biyu sun zauna a ciki, kowa da unguwarsa: ga masallatan Gauhar Aga, ga babban cocin Gazancetsots. A nan mawaƙi Uzeyir Hajibeyov ya tashi.

A watan Maris na 1920 aka ƙone unguwar Armeniyawa ƙurmus, aka kashe mutane da dama. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, daga saman dutsen nan Azarbaijanawa suka riƙa yi wa birnin Stepanakert na Armeniyawa ruwan rokoki. A watan Mayu na 1992 Armeniyawa suka ƙwace garin, Azarbaijanawan cikinsa suka gudu, gidajensu suka zama kango. A Nuwamba na 2020 Azarbaijan ta sake karɓe shi, bayan kwanaki kaɗan Rasha ta shiga tsakani aka tsagaita wuta.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, kowane ɓangare matattunsa kawai yake ƙirgawa. A Satumba na 2023, da Azarbaijan ta karɓe sauran yankin, Armeniyawa sama da 100,000 suka bar Karabak ta hanyar Lachin zuwa Armeniya, da katifu da tukwane ɗaure a kan motoci, akasarinsu cikin mako guda.