Baƙon Da Ke Ƙofarmu

Karatu: Littafin Firistoci 19:33-34, Maimaitawar Shari'a 24:14-22

Yau za mu yi tunani a kan mutanen da ake kira baƙin haure, wato waɗanda suka shigo ƙasa ba da takardar izini ba. In abinci ya yi tsada, ko sata ta yi yawa a unguwa, sau da yawa su muke fara ɗora wa laifi. To, me Maganar Allah take koya mana?

A inda muka karanta, Allah ya umarci Isra'ilawa ta bakin Musa kada su zalunci baƙon da ke zaune a cikinsu, sai dai su ƙaunace shi kamar ɗan gida. Ya kuma ba su dalili: su ma sun yi baƙunci a Masar. Yunwa ce ta kai Yakubu da 'ya'yansa can. Allah yana so su riƙa tunawa da wannan.

Mu ma muna da abin tunawa. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasar. Dubban 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, har da Hausawan zango waɗanda aka haifa a can, suka karyar da kayansu, suka kama hanya. Ba a cika shekara 14 ba, a watan Janairu 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya. 'Yan Ghana wajen miliyan 1 suka fita, suna kwana a tashar jirgin ruwa ta Apapa da bakin iyaka. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Baƙon haure kuma ba kullum ɗan wani ba ne. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar. Motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara daga kudancin Nijar, talauci ya fitar da su. Samarinmu nawa ne suka bi ta Agadas zuwa Libiya? Sunan da muke kiran baƙo a nan, shi ake kiransu a can.

Ba muna cewa a raina doka ba. Romawa sura 13 ta koya mana biyayya ga hukuma. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda ɗan wata ƙasa a cikinsu ya shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza, in yana da takardar tafiya. Wanda zai wuce haka ya nemi izini, mu kuma taimake shi ya samu. Amma tsaron iyaka aikin gwamnati ne. Namu aikin yana cikin gida da gona da kasuwa.

Ga inda gwajin yake. Akwai mai bi wanda ke da mai gadi, ko lebura, ko 'yar aiki daga ƙetaren iyaka. Wata ya ƙare, ya riƙe kuɗinsu, don ya san ba za su iya kai ƙara ba. In sun yi magana, sai ya ce zai kira musu jami'an shige da fice. Ranar Lahadi kuwa ga shi da baiko a hannu. Ɗan'uwa, Shari'ar Musa ta ce a biya matalaucin ma'aikaci hakkinsa kafin faɗuwar rana, ko ɗan gari ne ko baƙo, gama in ya yi kuka ga Ubangiji, zunubi ne a kanka.

Mu dubi Bo'aza. Rut Bamowabiya ce, gwauruwa, ta zo kala a gonarsa a Baitalami. Bai kore ta ba. Ya hana samarinsa su dame ta, ya sa su zubar mata da zangarniya da gangan. Daga zuriyar baƙuwar nan aka sami sarki Dawuda, aka sami Mai Cetonmu. Shi kansa Yesu da dare Yusufu ya gudu da shi Masar saboda Hirudus. A Matiyu sura 25 kuma ya nuna cewa abin da muka yi wa baƙo, shi muka yi wa.

Saboda haka, in akwai hakkin baƙo a hannunka, ka biya shi yau. In baƙo ya shigo sujada, a matsa masa wuri, a tambayi sunansa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, dā mu baƙi ne gare ka, amma ka karɓe mu ta wurin jinin Ɗanka. Ka gafarta mana taurin zuciya, ka kiyaye 'ya'yanmu da ke ƙasashen mutane, ka ba shugabanninmu hikima da tausayi. Cikin sunan Yesu. Amin.