Zancen Filaye da Gidajen Gobe a Difa

Yau hirarmu za ta kai mu gabas, jahar Difa, ƙasar Manga, tafiyar kilomita fiye da 1,300 daga Yamai. Zancen gida za mu yi, da filin da ake gina shi, da abin da ke sa aikin sabuwar unguwa ya tsaya bayan an riga an kafa turaku.

Difa ba babban gari ba ne a da. Cikin shekara ta 1964 aka mai da shi mazaunin perfe. A ƙidayar 2012, mutanen komin ɗin Difa duka ba su kai 60,000 ba. Arzikinsu yana bakin kogin Komadugu: tattasai, shinkafa, albasa, kifi. Tattasan Difa har Nijeriya ya yi suna.

Ran 6 ga watan Fabrairu 2015 'yan Boko Haram suka kawo hari Boso da Difa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. A watan Yuni 2016 aka sake faɗa wa Boso. Mutane suka bar bakin kogi, suka yi bukkokin kara da leda a gefen babbar hanya mai lamba 1, waɗansu suka shigo gari wurin dangi. Da 'yan gudun hijira daga Barno, da namu da suka bar ƙauyukansu, adadinsu a jahar ya kai wajen 250,000. Gidan da ke da mutum 8 ya wayi gari da 20. Kuɗin haya ya hau, rijiya ɗaya ta zama ta unguwa biyu.

To, sansani akwai shi, kamar na Sayam. Amma yawancin mutane ba su so zama can ba. Manomi da masunci da ɗan kasuwa, kowa yana son kusa da inda zai nemi na kansa. Sai hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, watau HCR, ta haɗa kai da magadan gari, suka ce a yanka filaye, a yi unguwanni na sosai. Tarayyar Turai ta sa kuɗi. Sunan aikin da Barbarci Kallo Cidaniwo, ma'anarsa mu gina tare. Niyyar ita ce filaye 6,000 da gidaje 4,000 a komin 7, cikinsu har da Difa, Shetimari, Mayine-Sorowa da Gigimi.

Ku saurari yadda ake rabon, don a nan dabarar take. Meri ba ta da kuɗin sayen gona. Saboda haka in an yi lotisma, watau an auna gonaki an yanka su fili-fili, sai a raba uku. Kashi ɗaya na masu gona ne, a madadin ƙasarsu. Kashi ɗaya na meri, ta sayar ta yi wa jama'a aiki. Kashi ɗaya kuwa na marasa ƙarfi ne, baƙo da ɗan gari, a zauna a cuɗe. Ɗakunan kuma na tubalin ƙasa ne, rufin ƙubba, ba azara ba itace, irin ginin da maginanmu suka koya tun shekarun 1980. A ƙasar da itace ya yi wuya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu malamin aji, ka rubuta wannan lissafi a allo. Mu ƙaddara kowane gida mutum 7. Gida 4,000 sau 7, mutum 28,000 ke nan. Mutum 250,000 kuwa, in an raba su bakwai-bakwai, suna bukatar gida fiye da 35,000. Watau ko an gama aikin duka, ba a rasa ɗaki ko ɗaya ba, iyali ɗaya cikin tara ne ya samu. Ba mu kuma sa yaran da ake haifa kullum ba, da samarin da za su yi aure baɗi.

Me ke kawo cikas? Na farko dai tsaro. A 2015 dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur, an kuma daɗe ana taƙaita cinikin tattasai da kifi da takin zamani. Wanda aka ba fili, da me zai yi katanga in ba ya sayar da komi? Ma'auni da magina su ma ba ko'ina suke iya zuwa ba. Ko bikin 18 ga Disamba, Difa N'Glaa, da aka shirya yi a 2020 don a gyara gari, sai a 2021 aka yi shi.

Sai kogi. A nan zan ɗan daɗe, don mutane da yawa ba su gane halinsa ba. Ruwan Komadugu ba na samanmu ba ne. Daga ƙasar Kano da Bauci da tuddan Jos yake tasowa, ta kogin Haɗeja da na Jama'are. Yana tafe a hankali, sai damina ta wuce, wajen Oktoba da Nuwamba, sa'an nan ya cika a Difa. Sama garau, ba hadari, amma ruwa na shiga ɗaki. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka kuma sha farin shekarun nan, kogin ya rage, har mutane suka saba ganin fadama a bushe. Wanda ya ga wuri shekara 20 ba ruwa, sai ya ce tudu ne. A watan Oktoba 2019 kogin ya yi ambaliya, mutum fiye da 20,000 suka bar gidajensu, gonakin tattasai da shinkafa suka nutse. A 2022 ya sake. Fili mai araha kusa da ruwa, shi ne mai tsada daga baya.

In an guje wa kogi an yi arewa kan tudu, wata wahala ce kuma. Rairayi ne, ba inuwa, garka ta yi nisa. Unguwar da ba famfo, ba lakwal, ba likita, takarda ce kawai ke kiranta unguwa. Mai fili ya je ya duba, ya koma bukkarsa kusa da kasuwa, ko kuwa ya sayar wa mai kuɗi da rahusa. Ni a ganina, a fara kai ruwa kafin a raba takardu. A kuma ware wurin garka da na itatuwa tun a kan taswira, don in an yanka an sayar, ba mai mayar da filinsa a dasa bedi.

Akwai kuma shawarar da ke canjawa. A watan Yuni 2021 gwamnati ta fara mai da mutane garuruwansu, aka soma da Baruwa. Abu ne mai kyau ga wanda ya ƙosa ya ga gonarsa. Amma a lokacin magajin gari ya shiga tsaka: ya yanka fili don mutanen da za su zauna, ko ya jira su tafi? A watan Afrilu 2024 kuma aka rushe majalisun komin, aka naɗa masu riƙo. Hannu ya canja, amma alkawarin da aka yi wa mai gona yana nan, sai an bi shi.

Don haka, kai mai gona, kada ka yarda da magana ta baka. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitin ƙasa, wanda ake kira Kofo, tun daga ƙauye har komin. Je ka a rubuta gonarka da iyakokinta, da shaidu. In lotisma ta zo, a rubuta fili nawa ne rabonka, da lambarsu. Ke mai sayen fili, ki nemi takardar meri, ki karanta lambar da ke ciki, ki je ki ga ko ita ce a kan turke. Ki tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya tsaya a 2019. Fili ɗaya akan sayar wa mutum biyu, kuma wanda bai iya karatu ba shi aka fi cuta.

Ga tambayar da za ku tattauna a ajinku wannan mako: a garinku, ina ne ruwa bai taɓa kaiwa ba, kuma gonar wa ce? Malami ya rubuta amsarku ya aiko mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.