Rage Ƙiba a Gidan da Babu Firji



Mafi yawan shawarwarin rage ƙiba da ke yawo a wayoyinmu an tsara su ne don gidan da wutar lantarki ba ta ɗaukewa. Za ka ji ana cewa a dafa abincin mako guda a rarraba a robobi, a ajiye ganyen salak da tsokar kaza, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Mai sauraro a Kano ko Gusau ko Maraɗi, wanda ko dai ba shi da firji, ko yana da shi amma wutar ba ta isa ta riƙe masa sanyi, sai ya yanke ƙauna, ya ɗauka gyaran jiki sai mai hali. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne rashin firji ba shi ke kawo ƙiba ba, kuma ba ya hana rage ta. Illarsa tana biyowa ne ta wasu ɗabi'u da yake jefa mu a ciki, kuma ana iya gyara su ba tare da an sayi ko da na'ura ɗaya ba.

Wani zai ce, a yankin da yara ke fama da tamowa, ina amfanin lacca kan ƙiba? Tambayar tana da nauyi, amma matsalolin biyu suna zaune tare, wani lokaci ma a gida ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba. Mun saba yi wa wanda ya yi teɓa barka, muna cewa hutu ya karɓe shi, alhali hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa suna biye da ita.

Lissafin ƙiba ba shi da wuya. Jiki yana tara kitse idan ƙarfin da ya shiga ta abinci ya fi wanda aka ƙona. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, giram ɗaya na sitaci ko sukari ko furotin kuma kalori 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, to ku auna ludayin da ake kwararawa a miyar dage-dage. Robar lemon kwalba mai rabin lita tana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sha a yini guda. Yanzu ku duba jerin abubuwan da ke ƙara mana nauyi: sukari, mai, farin fulawa, taliyar leda, biskit, cincin, fanke, shayi mai kauri da madarar gwangwani. Babu wanda ke neman firji a cikinsu. Sannan ku duba waɗanda ke cika ciki su daɗe suna riƙe mutum: wake, gero, dawa, acca, gurjiya, kuka, busasshiyar kuɓewa, zogale, rama, kabewa, kifi banda. Su ma babu mai neman firji. Ashe zaɓin yana tsakanin busasshe da busasshe ne, a rumfa ɗaya ta kasuwa ɗaya.

To ta ina rashin firji ke cutarwa? Hanya mafi girma ita ce cinye ragowa. Uwargida ta dafa shinkafa ta yi yawa, ta san ba za ta kai gobe ba, ga tsadar abinci, ga tsoron almubazzaranci, sai ta zauna da dare ta ƙarasa abin da yara suka bari alhali ta ƙoshi. Wannan loma ta "kada ya lalace" ita ce ke taruwa a ƙugu shekara da shekaru, kuma mata ta fi kamawa domin su ke kwashe kwanuka. Tsoron nata yana da tushe: ƙa'idar lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60. Shinkafa ta fi haɗari, saboda akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta saki guba idan abincin ya huce, kuma ɗumame ba ya kashe wannan guba. Maganin yana wurin awo tun kafin a ɗora tukunya. A san gwangwani nawa ke isar gidan, a dafa daidai shi, idan kuma an samu ragowa a miƙa wa maƙwabci ko almajiri tun da zafinsa. Hanya ta biyu ita ce soya miya da mai mai yawa da gishiri da dunƙule don ta kwana biyu. Ko da dabarar ta yi aiki, kuɗinta jiki ke biya, ga shi gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙule. Miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa da daddawa da ɗan kifi ana kaɗa ta cikin 'yan mintuna, daidai cin lokaci guda, kuma cokali ɗaya na mai ya ishe ta.

Babbar hujjar masu ja da wannan magana ita ce ganye da 'ya'yan itatuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 a kullum, to ta yaya a watan Afrilu, lokacin da alayyafo ke yaushi kafin la'asar? Da farko, ba duka kayan lambu ne masu saurin lalacewa ba. Kabewar da ba a yanka ba tana yin watanni, albasa da dankalin Hausa suna yin makonni, kabeji da karas da yalo da lemon zaƙi da goba suna yin kwanaki a inuwa mai iska. Sauran kuwa a saya na yini, kamar yadda aka saba da cefane tun fil azal. Gaskiya ne shanya tana rage bitamin C, musamman a tsakar rana, shi ya sa ya fi kyau a shanya zogale da rama a inuwa, a bisa tabarma mai tsabta. Amma harza da sinadarin ƙarfe da na ƙashi suna nan daram, kuma harzar ce mai neman rage nauyi ya fi buƙata, domin ita ke jinkirta narkewar abinci ta hana yunwa saurin dawowa. Lemo ɗaya ko goba biyu sun cike gurbin bitamin da aka rasa.

Akwai kuma fasahar da wani ɗan Najeriya ya yaɗa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inda iska ke ratsawa. Yayin da ruwan ke tsatsafowa yana bushewa, sai ya janye zafin da ke ciki, yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Tumatir da tattasai da kan ruɓe cikin 'yan kwanaki suna iya kai wa makonni. Sai dai a san iyakarta. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa, kuma sanyinta bai isa ajiye ɗanyen nama ko dafaffen abinci ba.

Saura batun abin gina jiki, wanda mai rage abinci ba zai yi wasa da shi ba don kada tsoka ta zube tare da kitse. Wake shi ne ginshiƙi. Masu cewa yana cin gawayi da gas suna da gaskiya, amma jiƙa shi tun dare yana rage lokacin dahuwa sosai. Yadda aka sarrafa shi ma yana da tasiri: alale da faten wake da ganye sun fi ƙosai, haka awara dafaffiya cikin miya ta fi wadda ta sha mai a kasko. Ƙwai a saya na 'yan kwanaki, a dafa maimakon a soya. Kilishi da kifi banda suna da amfani, sai dai a kula da gishirinsu. Fura da nono abinci ne cikakke idan nonon an tafasa shi kafin ya yi tsami, kuma ba a zuba sukari cokali huɗu ba. Gero da dawa kada a surfe su har su yi fari tas, domin a dusar ne harza take. Gyaɗa da masara kuma a tsince masu fumfuna a zubar, a ajiye sauran a busasshen wuri, domin gubar aflatoksin da ke cikin fumfunar tana lalata hanta.

Wanda ya rage kimanin kalori 500 a kullum, ta hanyar barin lemon kwalba, rage ludayin mai, da mayar da rabin malmalar tuwo zuwa kwaɗon zogale, zai iya sauke wajen rabin kilo a mako a farkon tafiya, musamman idan ya haɗa da tafiyar ƙafa ta minti 30. Wannan saurin ya wadatar, kuma ya fi shayin rage teɓa da ake tallatawa, wanda galibi gudawa kawai yake sawa, ruwan jiki ya zube kitse yana nan. Mai juna biyu da mai shayarwa, da wanda ke shan maganin ciwon suga ko yake da ciwon ƙoda, su fara ganin likita kafin su taɓa ma'aunin abincinsu, domin rage ci ba tare da daidaita magani ba yana iya sa suga ya faɗi ƙasa warwas.